Masu Jinya Da 'Yan Aikin Gida: Me Zai Hana Su Haɗa Kai Kamar Manoma?

 A wannan fitowa za mu ɗan ajiye zancen taki da irin shuka, mu ɗauki wani zance wanda ya taɓa kusan kowane gida a ƙauyukanmu, ko da yake ba a cika kawo shi gaban taro ba. Watau zancen 'ya'yanmu mata, da ƙannenmu, da gwauraye, waɗanda suke barin gida bayan kaka su tafi birni aikatau. Waɗansu raino suke yi, waɗansu shara da wanke-wanke, waɗansu kuwa jinyar tsofaffi da marasa lafiya a gidajen mutane. Daga Giwa, da Ikara, da Makarfi, da Soba, har daga Saminaka da Kachiya, motoci suna sauke su a Zariya, sa'an nan su bazu cikin Tudun Wada, da Sabon Gari, da Samaru, da Gyallesu.

Mu manoma mun daɗe da gane cewa mutum ɗaya ba ya iya ja da ɗan baranda a kasuwa, shi ya sa muka kafa gama kai. To, su waɗannan da suke aiki a bayan katangar wani, wa zai tsaya musu? A ƙasashe da dama sun kafa ƙungiyoyi, sun kuwa sami ƙarin lada da ranar hutu. Bari mu duba irin aikin, da inda dokar ƙasarmu ta tsaya, da abin da waɗansu suka yi, da abin da ke hannunmu.

WANE IRIN AIKI NE?

A dā, lokacin da gandu yake da ƙarfi, tsoho ba ya rasa mai ba shi ruwa. Ga matan gida, ga surukai, ga jikoki. Yanzu gandu ya watse a wurare da yawa. 'Ya'ya suna Kaduna, ko Abuja, ko Ikko, sai dai su aiko da kuɗi a nemi wadda za ta zauna da Baba ko Inna.

Asibiti kuma ba ya riƙe mutum har ya warke sarai. Ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ne, wanda ya daɗe a nan Tudun Wada kafin ya koma Shika a 2005, ko asibitin Wusasa, da zarar likita ya gama nasa sai a sallami majinyaci. Wanda hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki, sauran jinyarsa ta watanni ko shekaru a gida za a yi ta.

Ku dubi abin da mai wannan jinya take yi. Tana juya majinyaci kamar kowace awa biyu, don kada kwanciya ta ɓare masa fata ta zama gyambo. Tana yi masa wanka, ta ɗaga shi, ta zaunar da shi. Tana ba shi kunu da cokali a hankali don kada ya ƙware. Tana kwashe bayan gida, ta wanke zannuwa. Tana lura da lokacin magani. Da dare in ya yi nishi ita ce mai tashi. Ɗaga babban mutum kullum yana kashe baya, zama ɗaki ɗaya da mai tarin fuka kuwa yana iya jawo mata cutar.

Nas a asibiti irin wannan aiki take yi, amma tana da lokacin shiga da na tashi, tana da safar hannu, tana da albashi sananne, tana da ƙungiya. Mai jinya a gida ba ta da ko ɗaya.

KUKAN DA AKE JI

In mutum ya zauna da masu wannan aiki, kukansu bai cika wuce guda biyar ba.

Na fari, ba a yanka lada a fili. Sai a ce, "Ki zo kawai, ai ke 'yar gida ce, ba za mu cuce ki ba." Ranar biya kuwa kowa da nasa lissafi.

Na biyu, ladan ba ya shiga hannunta. Dillaliyar da ta kawo ta ita take karɓa, ko kuwa uwar ɗaki ta ce tana ajiye mata sai Kirsimati, ko sai za ta yi aure. In an rabu baram-baram, ajiya ta bi ruwa.

Na uku, aiki ba shi da iyaka. An ɗauke ta jinyar tsohuwa, kafin wata biyu ta zama kuku, ta zama mai wanki, ta zama mai kai yara makaranta.

Na huɗu, babu hutu. Ba Lahadi, ba Juma'a, ba zuwa gida ganin iyaye.

Na biyar, kora ba shiri. Ranar da majinyaci ya rasu, ko ranar da cokali ya ɓace, a ranar aiki ya ƙare, wani lokaci ko kuɗin mota babu. Akwai kuma abin da ya fi waɗannan muni, watau duka da lalata, waɗanda kunya take sa a binne su.

Ba kowane gida ne haka ba. Akwai iyayen ɗaki masu tsoron Allah da suka sa yara a makaranta, suka aurar da su kamar 'ya'yan cikinsu. Amma abin da ya dogara ga halin mutum kaɗai, sa'a ce. Wadda ta dace ta dace, wadda ba ta dace ba kuwa ba ta da inda za ta kai ƙara.

ME DOKA TA CE?

Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a sashi na 40, ya ba kowane mutum iko ya kafa ƙungiyar ƙwadago ko ya shiga wadda take akwai domin kare hakkinsa. Bai ware 'yar aiki ba.

Ƙungiyar ƙwadago ba baƙuwa ba ce a Zariya, gama garin mahaɗar jirgin ƙasa ne. Tun 1938 gwamnatin Turawa ta yi dokar yi wa ƙungiyoyin ma'aikata rajista. A watan Yuni na 1945 aka yi babban yajin aiki na ƙasa duka saboda tsadar rayuwa, ma'aikatan reluwe suna kan gaba tare da Michael Imoudu, aka yi fiye da kwana 40 ana ja, daga baya aka ƙara musu kuɗi. A 1978 gwamnatin soja ta tattara ƙananan ƙungiyoyi masu ɗimbin yawa ta mai da su manya guda 42 a ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙwadago ta Nijeriya, NLC. A cikin wannan rabo, aikin gida ya faɗa hannun ƙungiyar ma'aikatan otal-otal da masu yi wa mutane hidima, wadda ake kira NUHPSW. Ashe ke nan a takarda masu aikin gida suna da ƙungiya. Sai dai ku tambayi 'yar ƙauyenku da take aiki a birni ko ta taɓa jin sunanta.

Dokar Ƙwadago ta 1974 tana da sharuɗɗa masu kyau. Ta ce a ba ma'aikaci takardar da ta bayyana aikinsa da ladansa kafin ya wuce wata 3. Ta ce kada biyan albashi ya wuce wata guda. Ta ba shi hutun yini ɗaya cikin kwana 7, da hutun kwana 6 tare da biya bayan ya cika wata 12. Ta kuma sa a ba da sanarwa kafin sallama: mako ɗaya ga wanda ya wuce wata 3, mako biyu ga wanda ya kai shekara 2, wata guda ga wanda ya kai shekara 5. Amma ga inda gizo yake saƙar. Wajen bayyana ko wane ne ma'aikaci, dokar ta fitar da wanda aka ɗauka ba domin sana'ar ubangidansa ba. Jinyar tsohuwa a gida kuwa ba sana'ar maigida ba ce. Saboda haka masana shari'a da yawa suna ganin inuwar wannan doka ba ta rufe 'yar aikin gida sosai ba.

Haka kuma zancen albashi mafi ƙanƙanta. A 1981 naira 125 ne. A 2019 ya zama naira 30,000, a watan Yuli na 2024 kuma aka sa hannu a kan naira 70,000. Amma dokar ba ta tilasta wa wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Wane gida ne yake da 'yan aiki 25?

Inda doka ta yi magana da kakkausar murya shi ne kan yara. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP take aiki da ita, ta ce duk wanda ya ɗauki yaro ko yarinya 'yan ƙasa da shekara 12 aikin gida, ko ya kai su, ko ya ba da hayarsu, ya yi laifi, hukuncinsa ɗauri daga wata 6 har shekara 7. Ku lura, wannan ya haɗa da mai kaiwa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta wajabta wa kowane yaro shekara 9 a makaranta. Yarinya 'yar shekara 10 ba ƙungiya take bukata ba, aji take bukata.

ME YA SA HAƊA SU YAKE DA WUYA?

Ma'aikatan reluwe ko na masaƙa suna shiga ƙofa ɗaya da safe, suna cin abinci wuri ɗaya, ubangidansu ɗaya. In sun ajiye aiki, nan da nan za a ji a jika. Masu aikin gida kuwa kowacce tana ita kaɗai, ba ta san abin da ake biyan ta makwabta ba. In su ɗari ne, iyayen gidansu ma ɗari ne. Da wa za a zauna a yi ciniki?

Ƙungiyoyin ƙwadago suna rayuwa da kuɗin da ake cirewa daga albashi a ofis kafin a biya. A gida babu akawu mai cirewa. Doka kuma tana neman mutum 50 kafin a yi wa ƙungiyar ƙwadago rajista, ba ta kuwa yarda a kafa sabuwa a inda wata take wakiltar ma'aikatan.

Sa'an nan ga zancen yaji. Direban jirgi yana iya kashe inji ya tafi gida. Mai jinya ba ta iya barin shanyayye cikin fitsari don a ƙara mata kuɗi, zuciyarta ba za ta bar ta ba, mu ma ba za mu ba ta wannan shawara ba. A ƙarshe, yawancin masu ɗaukarsu ba attajirai ba ne. Malaman makaranta ne, da ƙananan ma'aikata, da 'yan fansho, waɗanda su ma albashinsu ba ya kai su ƙarshen wata.

YADDA WAƊANSU SUKA YI

Duk da haka an yi, kuma an ci nasara.

A Afirka ta Kudu, wata mata mai suna Myrtle Witbooi, wadda ita kanta ta yi aikin gida a Cape Town, ta yi shekaru tana tara 'yan'uwanta. Ƙungiyarsu ta yi ta matsa wa gwamnati. A 2002 aka yanka wa masu aikin gida albashi mafi ƙanƙanta, a 2020 kuma babbar kotun ƙasar ta yanke cewa wadda ta ji rauni ko ta mutu a bakin aiki ita ma tana da hakkin diyya kamar sauran ma'aikata.

A Amurka, a gundumar Los Anjalis ta jihar Kalifoniya, masu jinya a gida 74,000 suka shiga ƙungiyar ƙwadago a 1999, bayan an yi fiye da shekara 10 ana bin su ɗaya ɗaya, a tashar mota da majami'u. A can gwamnati ce take biyan kuɗin jinyar, don haka dabararsu ita ce su sa a kafa hukuma guda wadda za ta tsaya a matsayin ubangida, a sami wanda za a yi ciniki da shi. A wurinmu iyali ne suke biya, wannan hanya ba za ta ɓulle da mu yadda take ba.

Wadda ta fi kusa da mu ita ce ta unguwar Bronx a New York. A 1985 aka kafa wata ƙungiyar gama kai ta masu jinya, CHCA, da mutum 12. Ma'aikatan su ne masu ita. Iyali ba sa ciniki da mace ɗaya, da ƙungiya suke yi. Ƙungiya ce take horar da su, ta tura su, ta biya su, in an ci riba a raba. Ta girma har ma'aikatanta suka kai wajen 2,000.

A Indiya kuma, a birnin Ahmadabad, Ela Bhatt ta kafa ƙungiyar SEWA a 1972 domin mata masu talla da dako da aikin hannu. A 1974 mata 4,000 suka zuba rufi 10 kowacce, suka buɗe bankinsu. Su da ƙafa biyu suke tafiya: ƙungiyar ƙwadago domin neman hakki, gama kai domin tanadi da rance.

Muryoyin nan su suka taru har Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta zartar da Yarjejeniya mai lamba 189 a ran 16 ga Yuni, 2011. Ta ce aikin gida aiki ne kamar kowane aiki. A sanar da mai yinsa sharuɗɗa, zai fi kyau a rubuce. A biya shi da kuɗi aƙalla sau ɗaya a wata. A ba shi hutun awa 24 a jere kowane mako. Kada a cire kuɗin dillali daga ladansa, kada kuma a riƙe masa takardunsa. Afirka ta Kudu, da Gini, da Namibiya, da Saliyo sun amince da ita. Har zuwa 2024 Nijeriya ba ta shiga sahunsu ba. A 2013 aka kafa tarayyar masu aikin gida ta duniya, Myrtle Witbooi ce shugabarta ta fari, ƙungiyar NUHPSW ta Nijeriya kuma tana cikinta. Lissafin da ILO ta fitar a 2021 ya nuna masu aikin gida a duniya sun kai miliyan 75.6, kashi 76 cikin ɗari mata ne.

ABIN DA ZA MU IYA FARAWA DA SHI

Darasin a fili yake. Inda babu ubangida guda, sai ma'aikata su zama murya guda. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da muka iya, mu 'yan gama kai. Ga matakai bakwai.

1. Ƙidaya. Magatakardan kowace ƙungiya ya buɗe littafi. Wa ya tafi aikatau daga ƙauyenmu? Shekarunta nawa? Wane gari, wace unguwa, gidan wa? Nawa ake biyanta, wa yake karɓa? Iyayen da ba su iya amsa waɗannan tambayoyi ba, su tashi su je su gano. 'Yan ƙasa da shekara 12 a komo da su gida, in kuɗin makaranta ne matsala, ƙungiya ta ba da rance.

2. Haɗuwa. Zumuntar Mata a Tudun Wada, da Wusasa, da Sabon Gari, da Samaru su kira masu wannan aiki sau ɗaya a wata. Da yawa daga cikinsu Musulmi ne, wahalar kuwa ɗaya ce. A zaɓi wuri da lokacin da kowa zai iya zuwa, kamar ajin makarantar firamare da la'asar. Su zaɓi shugabarsu da magatakarda da ma'aji daga cikinsu. Mu mataimaka ne kawai.

3. Asusu. A fara da adashi, a wuce zuwa tsimi da tanadi. A ce mata 20 ne, kowacce tana zuba naira 1,000 a wata. A wata naira 20,000 ke nan, a shekara 240,000. Wannan ya isa a sayi safar hannu da sabulu a sari, a biya wa wadda aka kora kuɗin mota da abincin 'yan makonni. Kada ku raina shi. Wadda ta san tana da inda za ta kwana gobe, ita ce take iya buɗe baki yau.

4. Farashi ɗaya. Kamar yadda muke shirya kada wani ya sayar da buhun masara ƙasa da kaza, haka su ma su yanka: jinyar yini kaza, ta kwana kaza, raino kaza. Naira 70,000 ɗin nan, ko da doka ba ta tilasta ba, ma'auni ne mai amfani. In an raba shi kwana 26 na aiki, ya kusa naira 2,700 a yini. A gwada wannan da abin da muke biyan ɗan ƙwadago a gona.

5. Takarda. Kada kowa ta fara aiki sai da yarjejeniya a rubuce, da Hausa, kofi biyu.

6. Horo da canji. A cikin ikilisiyoyinmu akwai nas-nas da ungozomomi da suka yi ritaya. A roƙe su su koyar da yadda ake ɗaga majinyaci ba tare da an ji ciwon baya ba, da wanke gyambo, da alamun da suke nuna a gaggauta zuwa asibiti. Wadda ta iya aiki, ladanta ya fi. Ƙungiya kuma ta tanadi mai canji, domin ranar hutun ɗaya wata ta riƙe mata. Da haka mai jinya ta huta, majinyaci bai wulakanta ba.

7. Rajista. In ƙungiya ta yi shekara guda tana tafiya da littafi mai tsabta, a je ofishin gama kai a yi mata rajista. Dokar gama kai ta 1993 mutum 10 take nema ga ƙungiya ta farko. Daga nan shugabanninta su nemi ofishin NLC a Kaduna, a haɗa su da ƙungiyar da aikin gida yake hannunta. Gama kai zai gyara zamansu da gidaje ɗaya ɗaya, amma gyaran doka sai da babbar ƙungiya.

ABIN DA TAKARDAR ZA TA ƘUNSA

Sunan mai aiki da na mai ɗauka. Ayyukan da za ta yi, ɗaya bayan ɗaya. Lada, da ranar biya, da cewa a hannunta za a sa ko cikin asusunta na banki. Ranar hutu da lokacin zuwa sujada ko salla. Wurin kwana mai ƙofa da sakata. Abinci, da cewa ba za a cire shi daga lada ba. Wanda zai biya magani in ta yi ciwo a bakin aiki. Sanarwa kafin rabuwa daga kowane gefe, da abin da za a ba ta in majinyaci ya rasu. A ƙarshe shaidu biyu, ɗaya daga ƙungiya, ɗaya kuma mai unguwa ko dattijon ikilisiya ko liman.

In an saɓa, wakilai biyu su je gidan cikin ladabi su ji ta kowane gefe. In bai yiwu ba a kai wa shaidu. In har an ƙi biya, ƙungiya ba za ta sāke tura kowa wannan gida ba sai an biya. Wannan shi ne yajinsu, ba ya kuwa cutar da marar lafiya. Zancen duka ko lalata ba na sasantawa a zaure ba ne, na hukuma ne.

A YI HATTARA

Abin da yake kashe ƙungiyoyin manoma shi zai kashe wannan. Ma'ajin da ba ya karanta lissafi a gaban taro. Shugabar da za ta rikiɗe ta zama sabuwar dillaliya tana yankar rabonta. 'Yan siyasa da za su zo da atamfa gab da zaɓe. Kuɗi su kwana a banki, da sa hannun mutum uku, a karanta lissafi kowane zama.

Membobi kuma su sani jarin ƙungiya shi ne amana. Mai jinya tana ganin tsiraicin mutum da asirin gidansa. Wadda ta yi sata, ko ta fitar da zancen gida waje, ko ta wulakanta tsoho, ta ɓata sunan duka, ƙungiya ce kuma za ta fara hukunta ta. In mutanen gari suka gane cewa 'yar ƙungiya ba ta ha'inci, su da kansu za su riƙa nemanta, su biya farashin da aka yanka.

MAGANA GA MU MASU ƊAUKA

Kada mu karanta wannan muna duban mutanen birni kaɗai. A gidajen malamai, da na fastoci, da na manyan manoma, akwai 'yar ƙanwa ko marainiya da take tashi kafin kowa, ta kwanta bayan kowa. In 'yar gida ce, tana zuwa makaranta tare da 'ya'yanmu? In ma'aikaciya ce, ina ladanta? Ba daidai ba ne ta zama 'ya ranar biya, ta zama baiwa ranar aiki.

Littafin Firistoci 19:13 da Maimaitawar Shari'a 24:14-15 sun hana a bar ladan ɗan ƙwadago ya kwana a hannun mai aiki. Yakubu 5:4 ya gargaɗi masu gonaki da suka danne hakkin masu girbi. Kolosiyawa 4:1 ta tuna wa iyayen gida cewa akwai wanda yake bisansu. Maƙwabtanmu Musulmi su ma suna da koyarwa mai ƙarfi a kan biyan ma'aikaci da wuri. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka kawo kuka cewa ana manta da waɗansu gwauraye wajen rabon abinci, manzanni ba su tsawata wa masu kukan ba, sai suka sa a zaɓi mutum bakwai su tsaya a kan aikin. Kawo kuka tare, cikin tsari, ba tawaye ba ne.

Wanda ba shi da ƙarfin biyan cikakken wata, akwai hanya. 'Yan'uwa su yi karo-karo. A ɗauki mai jinya rabin yini, iyali su riƙe sauran. Ikilisiya ta tsara masu ziyara bi da bi. Abin da bai halatta ba shi ne mu ɗora talaucinmu a kan wadda ta fi mu talauci.

TAMBAYOYI DOMIN TARONKU NA GABA

1. Mutum nawa ne daga ƙauyenmu suke aikatau a birni, su wa muka san inda suke?
2. Akwai 'yan ƙasa da shekara 12 a cikinsu? Me ya sa aka tura su, yaya kuma ƙungiya za ta taimaka a komo da su?
3. Nawa muke biyan ɗan ƙwadago a yini, nawa 'ya'yanmu suke samu a wata?
4. Wa za mu naɗa, mace ɗaya da namiji ɗaya, su ziyarce su kafin shuka?

Magatakarda ya rubuta amsoshinku ya ba malamin gona na yankinku in ya zo zagaye, domin mu tattara su mu kai gaban taron shugabannin ƙungiyoyi da na Zumuntar Mata. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye 'ya'yanmu a duk inda suke neman abinci. Amin.